Yadda ake jegon matar da aka yi wa aiki, daga ƙofar asibiti zuwa arba'in

Ranar da aka sallamo ƙanwata daga asibiti a nan Garwa, arewacin Kamaru, kwana huɗu bayan an yi mata aiki an ciro yarinya, muna shiga gida muka tarar gwaggonmu ta riga ta ɗora tukunya. Ƙatuwar tukunyar nan ta biki, wuta na ci bal-bal a ƙarƙashinta, ga ganyen darbejiya an karyo an jingine a bango. Ko mayafi ban cire ba na ce, "Gwaggo, wannan ruwan na wane ne?" Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Na wa kuwa? Ke a aikin naki na asibiti kin taɓa ganin jego babu wanka?"

Gwaggo ba ta da laifi. Jegon da ta gada an tsara shi ne don macen da ta haihu da kanta. Wadda aka yi wa aiki, wato sezariyan kamar yadda ake faɗa a asibitocinmu, lissafinta daban ne. An yanka fata, an ratsa naman ciki, an yanka mahaifa, sannan aka ɗinke ɗaya bayan ɗaya. Ɗinkin da ido ke gani a ƙasan cibiya shi ne ƙarami, babban yana ciki. Ga kuma miki na uku a ɗakin, cibiyar jariri. Duk aikin mai jinya a makonni shida na farko shi ne waɗannan ukun su warke ba tare da ƙazanta ta shiga ba, ba tare da an wahalar da jikin uwa ba.

Kafin ku bar asibiti

Wadda za ta zauna da mai jego a gida, uwa ce, yaya ce ko uwar miji, ita ya kamata ta tsaya gaban ungozoma ranar sallama. Mai jego tana fama da ciwo da rashin barci, rabin abin da aka faɗa mata ba za ta riƙe ba. In da Faransanci ake bayanin, a nemi a maimaita da Hausa ko Fulatanci, babu abin kunya a ciki.

Tambaya ta farko: me ya sa aka yi aikin? Ƙugu ne ya yi wa kan ɗa kaɗan, ɗan ne ya zo a gicciye, jini ne ya ɓalle, ko hawan jini? A tabbata an rubuta dalilin a karne, littafin nan na awo. Sai a tambayi irin zaren da aka yi ɗinki da shi, mai narkewa ne ko na cirewa, da ranar dawowa wankin miki, wato pansuman. A ɗauki kowane magani da ke takardar likita a tambayi sau nawa ake sha da kwana nawa. A tambaya ko jininta ya yi ƙasa, da yadda awon hawan jininta yake a ranar. Jariri kuma a duba an rubuta nauyinsa, an yi masa allurar BCG ta tarin fuka, an ɗiga masa maganin shan inna. In ba a yi ba, a karɓi ranar da za a yi.

Wadda ta sayi takardar nan ta sefa 6,000 da ake kira chèque santé a lokacin awo ta sani cewa ba ranar haihuwa take ƙarewa ba. Tana ɗaukar uwa da jariri har kwana 42 bayan haihuwa a asibitocin da ke cikin tsarin. Mata da yawa na zaune a gida da miki yana ruwa don tsoron kuɗi, alhali takardar na cikin jakarsu.

A hanya a tsaya kantin magani a sayi auduga ta mata mai yawa, kwampires, wato ƙyallen rufe miki, mai tsafta da ke cikin leda a rufe, filasta, sabulu marar ƙamshi, da abin auna zafin jiki. Wannan na ƙarshe shi ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ya fi amfani. Tafin hannu ba ya bambance zafin bazara da zazzaɓi.

Kada a ɗora ta a kan babur. Kilando, wato babur ɗin haya, yana da arha, amma ramin hanya ɗaya ya isa ya sa ta kuka. A nemi mota, ta rungume matashi a kan cikinta, wata ta riƙe jariri.

Ɗakin jego

Katifa a ƙasa wahala ce ga mai ɗinki a ciki. In akwai gado a ba ta, in babu a ninka katifa biyu. Ga yadda za ta tashi: ta lanƙwashe gwiwa, ta mirgina ta koma gefe, ta sauko da ƙafafu ƙasa, sannan ta dogara da hannu ta tura jikinta sama. Kada ta tashi a miƙe daga rigingine, naman cikin ne zai ɗauki nauyin. In tari ko atishawa ko dariya ta zo, ta dafe mikin da matashi.

Tsugunno a masai ma aiki ne. A makon farko a samo kujera mai rami ko bokiti mai ƙarfi, wata ta riƙe mata hannu wajen zama da tashi. A ɗaura gidan sauro tun daren farko, uwa da ɗa a ciki. In lokacin hunturu ne, kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Hayaƙin gawayi da ke kisa ba shi da wari, kuma jariri ne ke fara galabaita. Turaren wuta ma a yi shi a waje, in hayaƙin ya lafa a shigo da kayan.

Mikin

Kullum sau ɗaya, da rana, inda akwai haske, mai jinya ta duba. Ta fara wanke hannu da sabulu har wuyan hannu, ta bar shi ya bushe, ba ta goge da zanin da ke jikinta ba. In akwai bandeji kuma a bushe yake tsaf, kada a taɓa shi sai ranar da aka ce a koma. In ya jiƙe da jini ko ruwa ko gumi, a koma asibiti a canja, ba sai ranar ta zo ba.

Bayan an cire bandeji an ce a bar shi a buɗe, abu biyu kawai yake so: tsafta da bushewa. A wanke da ruwa mai tsafta da ɗan sabulu, kada a cuɗa, a dangwala kwampires a tsane. Matsalarmu a nan ita ce zafi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, gumi yana taruwa a ƙarƙashin tumbi daidai inda ɗinkin yake, musamman ga mace mai jiki. Sai ta riƙa kwanciya rigingine sau biyu ko uku a rana, ta ɗaga fatar cikin da hannu iska ta shiga na 'yan mintoci. Ana iya shimfiɗa busasshen kwampires a lungun, a canja in ya jiƙe. Zani a ɗaura shi a ƙirji, ba a ƙugu ba. Ɗaurin ciki da ɗankwali da ake tamkewa don tumbi ya koma, a jinkirta shi.

Ba a shafa komai a kai. Ba man shanu, ba man kaɗanya, ba hoda, ba toka, ba garin magani. Abin da na fi gani a wajen aiki shi ne a ɓare kafso a barbaɗa garin a kan ɗinki. Garin sai ya cuɗe da ruwan miki ya yi ɓawo, mugunya ta taru a ƙarƙashi, a zo mana da shi bayan kwana biyar yana wari.

Ɗan ƙaiƙayi, ɗan ja siriri a bakin ɗinkin, da jin wurin kamar ya mutu in an taɓa, duk ba abin damuwa ba ne, mutuwar fatar ma takan ɗauki watanni. Abin da ke nuna ɓaci shi ne jan yana faɗaɗa, wurin ya kumbura ya yi zafi, ciwon yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ruwa mai wari ko mugunya na fita. In bakin mikin ya buɗe, a rufe da kwampires mai tsafta, kada a tura komai ciki, a tafi asibiti nan take. Zaren cirewa galibi tsakanin kwana 5 zuwa 10 ake cire shi, kuma aikin ma'aikacin lafiya ne.

Maganin ciwo a sha shi a kan lokaci, kada a jira sai ciwo ya kai maƙura, domin wadda ke jin ciwo ba ta tafiya, ba ta shayarwa da kyau. Farasitamol mai 500, ƙwaya biyu duk bayan awa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a kwana ɗaya. In an rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanye har ƙarshe. Maganin ƙarin jini ana ci gaba da shi kusan wata uku. Yana sa bayan gida ya yi baƙi, ba komai ba ne, amma kada a haɗa shi da shayi, shayi na hana jiki ɗaukarsa. Tiramol ɗin teburin bakin hanya kuwa, kada ya shigo ɗakin. Yana bin nono, ya sa jariri barcin da ba ya tashi shan mama, har numfashinsa ya yi rauni.

Maganar wanka da kunun kanwa

A nan ake faɗa a gidaje, don haka zan tsaya a kai.

A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan matan Hausawa da ake kawowa 'yan makonni bayan haihuwa, ƙafa a kumbure, suna haki, zuciya ta gaza. Da suka bi diddigi sai suka ga abin yana tafiya da al'adun jego uku: wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa da yawa. Sun kuma ga ya fi tsanani a lokacin zafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kanwa, wadda mu nan muke kusa da tushenta a yankin Tafkin Chadi, 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙara yawa a jijiyoyi. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, zuciya ta ƙara gudu don ta cika su. Ka haɗa wannan da macen da ta zubar da jini a ɗakin tiyata, wataƙila kuma hawan jini ne ma ya kai ta can. An ɗora wa jakin da ya gaji kaya biyu ke nan.

Ban faɗa wa Gwaggo wannan duka ba, da na yi da mun ɓata. Cewa na yi, "Gwaggo, wanka kam za a yi, kuma ke za ki yi mata. Sai dai likita ya ce ɗinkin ciki ba ya son wuta, a sirka." Ta yi ƙunƙuni ta ce jegon zamani sai a hankali, amma ta sirka. Tsohuwa in aka ƙwace mata aikin gaba ɗaya, za ta yi shi ne a bayan idonki.

Ga yadda muka yi. A tafasa ruwan, wannan ma tsafta ce, sannan a sirka har mai jinya ta iya tsoma gwiwar hannunta ta bar ta a ciki ba tare da ta janye ba. Mai jego ta zauna a kujera, kada ta tsaya, jiri na iya ɗibar ta. Muddin akwai bandeji, goge jiki za a yi da tsumma mai tsafta, a kauce wa cikin. In an cire bandeji miki ya kama, ruwa na iya bi ta kai, a tsane nan da nan. Ba a fyaɗa ganye a ciki, ba a danna ciki da tawul mai zafi, ba a zama cikin baho. In Gwaggo na son ganyenta, ta gasa mata kafaɗa da ƙafafu da ruwa mai ɗumi. Gadon wuta babu shi sam. Gaba kuma a wanke da ruwa daga gaba zuwa baya, a canja auduga duk bayan awa huɗu zuwa shida, kada a cusa komai.

Kunun kanwa a maye gurbinsa da kunun gyaɗa ko na tsamiya. Gishiri da dunƙulen miya a rage. Ban da wannan, ta ci duk abin da gidan ke ci: tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, zogale, yakuwa, wake, ƙwai, hanta, kifin Lagdo in an samu. Na sha jin ana hana mai ɗinki miyar yauƙi ko ƙwai wai suna sa miki ruwa. Ba haka ba ne, nama da ƙwai da wake su ne kayan gyaran miki. Ta sha ruwa sosai, ta ci gwanda ko mangwaro in lokacinsu ne, don kada bayan gida ya yi tauri ta riƙa yunƙuri.

Kwanciya wuni guda ba hutu ba ne, hatsari ne, domin jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Ta riƙa zagaya tsakar gida a hankali sau da yawa a rana, kullum ta ɗan ƙara. Amma har mako shida kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce. Daka, jan guga, wankin tsugunno, goya yayan jaririn, duk a ɗauke mata. Masu zuwa barka suna cewa "ai 'yan yanzu ragwaye ne, haihuwa ma sai an yanka su", a yi musu shiru. Da yawan waɗanda aka yanka ɗin, da ba a yi ba da yanzu zaman makoki ake.

Nono

Dakashi, ruwan farko mai kauri rawaya, shi ne abincin jariri na kwanakin farko kuma shi ne kariyarsa daga cututtuka. Ba a matse shi a zubar. Kaɗan ne, amma cikin jariri a ranar farko ma ƙanƙane ne. Bayan aiki, ruwan nono sosai yakan ɗan yi jinkiri zuwa kwana uku ko huɗu, kuma a wannan tsakanin ne ake cewa "ba ta da nono" a kawo madarar gwangwani ko ruwan sukari. Abin da ke kawo nono shi ne tsotso. A sa shi sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, dare da rana. In ya wuce awa uku yana barci a kwanakin farko, a tashe shi.

Don kada ya danne mikin, akwai hanya biyu. Ko ta kwanta a gefe, jariri ma a gefe, ciki na kallon ciki. Ko ta zauna da matashi a gefenta, ta sa jikinsa ƙarƙashin hammatarta, ƙafafunsa na kallon baya, tafin hannunta na tallafe da ƙeyarsa. A duba kamun: baki a buɗe sosai, leɓen ƙasa a waje, haɓa na taɓa nono, ya haɗa da baƙin da ke kewaye da kan. In kan kawai ya kama, zai tsage mata shi kuma ba zai ƙoshi ba. Ta sa ɗan yatsa a gefen bakinsa ta cire, a sake.

Ruwa fa? Ko a tsakiyar Afrilu, a'a, har wata shida. Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. In zafi ya yi yawa, uwa ta ƙara sha, ta ƙara ba shi. Ruwan randa da cokali shi ne hanyar gudawa. Zuma ba a ba wa yaro sai ya shekara. In an kawo rubutu ko jiƙo don jariri, uwa ce ya fi dacewa ta sha a madadinsa, jiƙon ma sai an san abin da ke ciki. Alamar yana samun isasshe ita ce fitsari sau shida ko fiye a kwana ɗaya daga rana ta biyar, kashi ya juya daga baƙi zuwa rawaya. Yakan ɗan rame a kwanakin farko, ya dawo nauyin haihuwarsa wajen mako biyu.

Cibiya

A wanke hannu kafin a taɓa. A bar ta a waje, a naɗe ƙyallen fitsari ƙasa da ita. In fitsari ko kashi ya taɓa, a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, a tsane. In asibiti sun ba da maganin cibiya mai suna kulorhekzidin, a shafa sau ɗaya a rana na mako guda, kuma a ajiye kwalbar nesa da maganin ido, domin an sha kuskuren ɗiga shi a ido yara suka makance. In ba su bayar ba, a bar ta haka nan ta bushe.

Gasa cibiya da tsumma mai zafi ko katangar fasasshiyar tukunya da aka ɗora a wuta, shafa man goge baki, man zafi, toka ko kashin shanu, duk don ta yi saurin faɗuwa ake yi. Saurin na mene ne? Da kanta take faɗuwa tsakanin kwana 5 zuwa 15. In ranar suna ta zo ba ta faɗi ba, ba abin da ya lalace. Ta wannan ƙofar ce ciwon sarƙewar haƙora ke shiga: jariri yana shan mama lafiya, wajen kwana na biyar zuwa goma ya kasa buɗe baki, jiki ya sandare. Kaɗan ne ke tashi.

Wankan jariri da ruwa mai ɗumi, cikin ɗaki, da sauri, a naɗe shi. Wanda aka haifa ƙarami, ƙasa da kilo biyu da rabi, goge jiki ya ishe shi, kuma wurinsa shi ne ƙirjin uwa, fata da fata, da hula a kai.

Ranar suna

Kwana bakwai da aiki, mace ba ta da ƙarfin zama daga hantsi zuwa magariba tana amsa barka. A zaunar da ita awa ɗaya, ta koma ta kwanta, wata ta tsaya a madadinta. Mai mura ko tari ya yi barka daga bakin ƙofa, kuma kada jariri ya yi ta yawo hannu zuwa hannu.

Wanzami ya yi aski da sabuwar reza da aka ɓare a gabanku, shi ke nan. Cire belu, tsaga, da duk wani yanka a gaban 'ya mace, a'a. Belu halitta ce, kowa da shi aka haife shi, ba ya hana shan mama. Cire shi kuwa yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, jariri ya ƙi nono saboda ciwon maƙogwaro. Wannan magana uban yaro ne zai yi ta da wanzami tun kafin ranar, a ba shi haƙƙinsa cikakke don kada ya ga an rage masa.

Abin da ba ya jiran safiya

Tun ranar da aka dawo, maigida ya ajiye kuɗin mota a hannun mai jinya, a samu lambar mai mota a unguwa, kuma ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa in abu ya taso a tafi ko ba ya nan. Na ga matar da ta kwana tana zubar da jini ana jiran miji ya dawo daga kasuwar ƙauye ya ba da izini.

Ga uwa, a tafi asibiti nan take in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:
jini ya jiƙe auduga sharkaf cikin awa ɗaya, ko gudaji manya na fita, ko jinin da ya ragu ya dawo ja da yawa;
zafin jiki ya kai 38, ko rawar sanyi, ko jinin biƙi na wari;
ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko jijjiga;
haki, kasa kwanciya sai an jingina, tari da dare, kumburin ƙafa da fuska;
ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo a sha-raɓa, ko ciwon ƙirji;
ciki ya kumbura ga amai, ko fitsari na zuba ba ta iya riƙewa.

Jijjiga bayan haihuwa hawan jini ne, ba iska ba ce. A kwantar da ita a gefe, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura mata komai. Zazzaɓi kuma kada a ce maleriya ce kawai a sayo magani a kanti. Tana iya zama ita, tana iya zama mahaifa ce ta kamu, gwaji ne zai raba. Akwai wani ciwon kai da ke biyo allurar kashe zafi da ake yi a baya lokacin aiki, wanda ke tashi in ta zauna ya lafa in ta kwanta. Shi ma a faɗa wa likita, a bar shi ya bambance.

Ga jariri: ya ƙi mama ko ya kasa tsotso, jijjiga, ba ya motsi sai an taɓa shi, zafin jiki ya haura 37.5 ko ya sauka ƙasa da 35.5, ƙirji na lotsawa, cibiya ta yi ja ko tana mugunya, ido na fitar da mugunya, ko numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya. A ƙirga da agogon waya yana kwance shiru, minti cikakke. Shawara kuma a duba ta a hasken rana, ba a hasken kwan lantarki ba: a danna goshi ko hanci da yatsa a ga launin. In rawaya ta bayyana a ranar farko, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, asibiti. Shanya shi a rana ko ba shi jiƙo ba ya sauke ta, kuma in ta yi yawa ƙwaƙwalwa take taɓawa.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba: kuka da ƙunci a kwanakin farko yakan zo ya wuce. In ya haura mako biyu, ba ta ci, ba ta barci ko jariri ya yi barci, ba ta son ɗaukarsa, ko tana maganar mutuwa, ciwo ne mai magani. Kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta.

Zuwa arba'in

Ko komai lafiya, ana duba uwa da ɗa tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na shida. Wannan na ƙarshe ya faɗo daidai da fitar arba'in, kuma ranar ce jariri ke karɓar rigakafin mako 6. Sai na mako 10 da na 14, sannan na ƙyanda da na zazzaɓin shawara a wata 9. A ranar 22 ga Janairun 2024 Kamaru ta fara sa rigakafin maleriya cikin na yau da kullum a gundumomin lafiya 42, ana farawa daga wata shida, sai a tambaya ko taku na ciki.

A wannan zuwan ne za a yi maganar da ake jin nauyi, kuma gara maigida ya zo. Komawa shimfiɗa sai jini ya ɗauke, miki ya warke, ita kuma ta ji ta shirya, galibi ba kafin mako shida ba. Fata na warkewa da wuri, tabon mahaifa kuwa yana son lokaci. Ana so a samu shekara biyu kafin wani cikin, ko aƙalla wata 18, domin tabon da bai yi ƙwari ba yana iya fashewa a naƙuda. Shayarwa na hana ciki ne kawai in abu uku sun haɗu: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Akwai allura, akwai ashanar hannu, akwai ƙwaya da ta dace da mai shayarwa, ungozoma za ta zaɓa tare da su.

Aiki ɗaya ba ya nufin kowace haihuwa sai aiki. Ya danganta da dalilin na farko, shi ya sa na ce a rubuta. Amma duk cikin da ya biyo baya, a fara awo da wuri, kuma haihuwa a asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini, ba a gida ba, ba a ƙaramin asibitin unguwa ba. In garinku da nisa, ta koma kusa da asibitin tun watan haihuwa bai tsaya ba. Ba a ba ta maganin ƙara naƙuda na gida ko na kanti. Karnen ƙanwata na sa shi a leda biyu saboda gara da damina, yana ƙasan akwatin Gwaggo, ita ta ce a ba ta ajiya.